Daga Passau zuwa Viyana a kan sukuta da yara biyu: amsa ga wani magidanci

Wani magidanci ya aiko da tambaya. Shi da uwargidansa da 'ya'yansu biyu, mace mai shekara 12 da namiji mai shekara 9, suna son su bi gaɓar kogin Danube a hutun bazara, daga Passau a Jamus har Viyana a Ostiriya, a kan sukutar da ake turawa da ƙafa, wadda ba ta da inji. Suna da ƙananan nan masu naɗewa da yaran ke hawa a unguwa. Yana son ya san ko abin zai yiwu, kwana nawa zai ci, kuma me ya kamata su tanada.

Malam, zai yiwu, kuma ka iya zaɓen hanya. Sai dai sukutocin da ke gidanka ba za su kai ku ba, kuma ƙafar da za a auna wannan tafiya da ita ba taka ba ce, ta autanka ce. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Bari mu fara da hanyar, don sanin asalinta zai nuna maka abin da za ka tarar. Kafin zuwan jirgi mai aiki da tururi, jirgin kaya yakan gangara Danube da ƙarfin ruwa, amma idan zai koma sama sai an ja shi. Dawakai ake jerawa a gaɓa, wani lokaci gommai a tafiya ɗaya, a ɗaura musu doguwar igiya su yi ta ja. Dokin da ke jan nauyi irin wannan ba ya son hawa da gangara, igiyar kuma ba ta son bishiya ko gini tsakaninta da ruwa. Shi ya sa hanyar ta zama shimfiɗaɗɗiya, manne da bakin kogi. An kafa kamfanin jiragen tururi na Danube a Viyana a 1829, jirginsa ya fara isa Linz a 1837, daga nan aikin dawakai ya yi ta ja da baya har ya mutu. Hanyar ta saura, aka zuba wa mafi yawanta kwalta, yau tana cikin babbar hanyar keke ta Turai da ake kira EuroVelo 6. Daga Passau zuwa Viyana kimanin kilomita 320 ne zuwa 330, ya danganta da gaɓar da ka bi. A duk wannan nisa kogin bai sauka fiye da mita 150 ba, wato gangara ce wadda ido ba ya gani. Iska ma a wannan yanki ta fi kaɗawa daga yamma, kai kuma gabas ka nufa, saboda haka a yawancin ranaku tana bayanka. Kada ka juya tafiyar ka taso daga Viyana.

Kwaltar nan ita ce ta sa na ce ka iya zaɓe, domin ba kowace hanyar jan jirgi ce haka ba. A Amurka akwai ta gefen kogin Potomac, daga Washinton zuwa Cumberland, mil 184.5, kusan kilomita 297, inda alfadarai suka ja jirage har 1924. Kyakkyawar hanya ce, da wuraren kafa tanti a kai a kai, amma ƙasa ce da tsakuwa, idan aka yi ruwa ta koma taɓo, ga jijiyoyin itatuwa. A Ingila kuwa hanyoyin gefen kogunan haƙa sukan yi ƙunci ƙwarai a ƙarƙashin gadoji, kuma yawancin hanyar gaɓar kogin Thames ta masu tafiya a ƙasa ce kawai. Mai keke yana iya haƙura da tsakuwa saboda ƙafarsa na kan feda koyaushe. Mai sukuta kuwa tura ɗaya yake yi ya jira tayar ta gangara da shi, kuma a kan tsakuwa gangarawar nan ce ke mutuwa.

To, batun sukutar. Ƙananan da yaranka ke hawa suna da taya ta roba mai tauri, ba iska a ciki, faɗinta bai fi santimita 10 zuwa 20 ba. Irin wannan taya kowace tsaga a kwalta sai ta aika ta zuwa wuyan hannu da gwiwa, kuma dutse ɗan ƙarami ya isa ya tsayar da ita cak, yaro ya wuce ta saman hannun sukutar. Birkinta ƙarfe ne da ake takawa a kan tayar baya, wanda ba ya kamawa da kyau idan hanya ta jiƙe. Ta unguwa ce, a bar ta a unguwa. Abin da kuke bukata shi ne babbar sukuta mai tayar iska irin ta keke, da birkin hannu gaba da baya. Wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Hannu Vierikko ne ya fito da irinta ta zamani a 1994 da sunan Kickbike, kamfanonin Jamhuriyar Cek kamar Kostka da Yedoo ma suna ƙera su. Kai da uwargida ku nemi mai tayar gaba inci 26 ko 28, ta baya inci 18 ko 20. Yarinyar mai inci 20 a gaba da 16 a baya za ta yi mata. Yaron kuma mai inci 16, ko 20 idan dogo ne. Kada a saya masa wadda ta fi ƙarfinsa wai don zai girma ya same ta. Hannun sukuta ya tsaya wajen ƙugunsa ko sama kaɗan, kuma yatsunsa su iya kama birki ba tare da ya saki riƙo ba.

Akwai abin da masu saye ke mantawa da dubawa, alhali shi ne ya fi komai tasiri a doguwar tafiya: tsayin matakin daga ƙasa. Mutane suna zaton ƙafar da ke turawa ce ke gajiya. Ba ita ba ce, wadda ke tsaye a kan matakin ce. Duk turawa ɗaya sai gwiwarta ta lanƙwashe ta sauke dukkan jiki har ɗayar ƙafar ta taɓa ƙasa, sannan ta sake ɗaga shi. A ce kowace turawa na kai yaro mita 5, to a kilomita 25 ya durƙusa ya miƙe a kan ƙafa ɗaya sau 5,000. Idan matakin ya fi tsayi da santimita 3 kacal, ka ninka wannan sau 5,000 ka ga aikin da aka ƙara wa cinyarsa a banza. A kan kwalta irin ta Danube ku nemi mataki na ƙasa-ƙasa, kamar santimita 6 ko 7. Zai riƙa gogar bakin titi nan da can, sai a koya wa yara su sauka su ɗaga.

Daga nan sai canjin ƙafa, wanda in ba a iya shi ba, tafiyar ba ta wuce kwana biyu. Ana yinsa ne sukuta na gudu. Ƙafar da ke kan mataki za ta karkata diddigenta waje, nauyi na kan yatsu, sai wuri ya buɗe a bayan matakin. Ɗayar ƙafar ta ɗora yatsunta a wurin, ta farko ta zame ta sauka, sabuwar ta miƙe diddige ta daidaita. Da farko yaro zai riƙa kallon ƙafafunsa, sukutar na lilo. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga yana yi yana hira. A canza bayan turawa biyar zuwa goma, tun kafin cinya ta fara zafi. Kowa yana da ƙafar da ya fi so, kuma idan aka bar shi da ita zai yi ta tafiya har ƙugunsa da bayansa su karkace da ciwo. Turawar ma da yadda ake yinta: a ɗaga gwiwa gaba, a sauke tafin ƙafa ta wajen yatsu, a shari ƙasa zuwa baya, sannan a tsaya a miƙe a bar taya ta yi nata aikin. Yara sukan yi ta dukan ƙasa da sauri-sauri, suna ƙona ƙarfinsu. Ka koya musu doguwar turawa da jira.

Wata biyu kafin tafiya ku fara fita tare a ƙarshen mako, daga kilomita 5 ku riƙa ƙarawa. Gwajin gaskiya shi ne kwana biyu a jere, kilomita 20 kowace rana, da kaya a kan sukuta. Rana ta farko ba ta gaya maka komai, domin ɗoki ne ke tura yaro. Safiyar rana ta biyu ce za ta nuna maka inda kuke.

Yanzu lissafin kwanaki. Masu keke sukan gama wannan hanya cikin mako guda, kuma yawancin littattafan jagora da kamfanonin shirya tafiya a kan wannan ma'auni suka tsara zangonsu. Kada ka bi su. Iyali mai yaro ɗan shekara 9 a kan sukuta, in aka haɗa da tsaye-tsaye, a ganina kilomita 8 zuwa 10 ne a awa. Awa biyu da rabi na turawa a yini sun ishe shi, wato kilomita 20 zuwa 25. Ka raba 320 da wannan, ka samu kusan mako biyu, ka ƙara kwana biyu ko uku na hutu inda ba wanda zai taɓa sukuta. Idan hutunka bai kai haka ba, to ka rage hanyar, kada ka ƙara wa yaro zango. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Ni a wajena iyalin da suka yi kilomita 150 yaransu na roƙon a sake baɗi sun fi waɗanda suka shiga Viyana da yaron da ya tsani abin har abada.

In za a rage, ga inda zan riƙe da inda zan bari. Daga Passau, inda kogunan Inn da Ilz ke haɗuwa da Danube, kilomitocin farko suna bin gefen titin mota, ba su da daɗi sosai. Da kun kai madatsar lantarki ta Jochenstein da garin Engelhartszell sai kwarin ya tsuke, daji ya sauko har bakin ruwa. Wajen kilomita 40 daga Passau akwai Schlögen, inda dutse ya tare kogin ya tilasta masa juyawa baya gaba ɗaya kafin ya sake komawa gabas. Daga nan zuwa Aschach shi ne mafi kyawun yanki ga mai sukuta: kwalta sumul, inuwa, kusan ba mota, ruwa a gefenka. A nan ne kuma za ku shiga ƙananan jiragen fito na masu keke, domin hanyar gaɓar arewa tana yankewa a wajen lanƙwasar. Yara suna son fiton nan fiye da komai. Jiragen na lokacin bazara ne kuma suna tashi aiki da yamma, saboda haka ka duba lokutansu kowace safiya, ka riƙe kuɗin yuro a hannu. Ka kuma sani cewa daga Passau zuwa Aschach babu layin dogo da ke bin kogin. In wani ya gaza a nan, jirgin ruwa na fasinja ko mota ce mafita.

Shiga Linz daga Ottensheim ta gaɓar arewa gefen babban titi ne mai hayaniya. Bayan Linz akwai dogon yanki a kan ganuwar tare ambaliya. Daga Grein zuwa Ybbs ku haye gaɓar kudu, domin ta arewa tana manne da titin mota. Sai Wachau, tsakanin Melk da Krems, kimanin kilomita 36 zuwa 40 na gonakin inabi da ƙauyuka, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A can ne Dürnstein yake, inda aka tsare sarkin Ingila Richard na ɗaya a ƙarshen 1192, kuma kangon fadar na nan a kan dutse, yara za su so hawa. Gaɓar arewa ta Wachau ta fi abin kallo, amma tana ratsa cikin ƙauyuka masu daɓen dutse da 'yan hawa da cunkoson baƙi. A kan daɓen dutse a sauka a tura da hannu.

Yankin da zan ce ka yi tunani a kansa shi ne Krems zuwa Tulln. Hanya ce miƙaƙƙiya a kan ganuwa, inuwa kaɗan, ƙauyuka nesa da juna, kogin ya faɗaɗa saboda madatsu har ya zama kamar ba ya tafiya. Abin kallo a wurin bai wuce tashar nukiliya ta Zwentendorf ba, wadda aka gama ginawa amma ba a taɓa kunna ta ba, bayan 'yan ƙasar sun ƙi ta a ƙuri'ar raba gardama ta 1978. Babba yana iya sa kai ya wuce. Yaro kuwa a irin wannan wuri ne zuciyarsa ke karyewa tun ƙafarsa ba ta gaji ba. Akwai jirgin ƙasa daga Krems da kuma daga Tulln zuwa Viyana, kuma shigarsa ba abin kunya ba ne. Ka tambaya a tasha yadda suke lissafa babbar sukuta, domin mai yiwuwa a nemi ka yanka mata tikiti kamar keke.

Ka koyi karanta gajiyar autanka, domin ba lallai ya faɗa ba, musamman idan yana ganin yayarsa a gaba. Alamar farko ita ce ya daina canza ƙafa. Sai ka ji takalminsa na jan ƙasa maimakon ya share ta. Sai surutu ya ɗauke, kansa ya sunkuya, ya fara kallon tayar gaba. Idan ka ga haka, kada ka ce masa saura kaɗan. Ku tsaya a inuwa ta farko, ya ci wani abu, ya sha ruwa, ya cire takalmi ya jefa duwatsu a kogi na minti ashirin. Yawancin faɗuwa a awar ƙarshe ta yini take faruwa. Shi ya sa nake son a tashi da sassafe, a ci kashi biyu cikin uku na zangon kafin rana ta take, a bar yamma ga wanka da wasa. A jere kuma, babba ɗaya a gaba, yara a tsakiya, babba ɗaya a baya, kuma autan ne zai bi na gaba kai tsaye don gudun kowa ya daidaita da nasa.

Maganar doka tana da ɗan sarƙaƙiya saboda ƙasa biyu za ku taka. A Jamus ana ɗaukar mai sukutar ƙafa kamar mai tafiya a ƙasa. A Ostiriya, inda kusan duk tafiyar take, babbar sukuta tana ƙarƙashin dokar keke: birki biyu, ƙararrawa, abubuwan ƙyalli, da fitila idan duhu ya yi. Yaron da bai kai shekara 12 ba dole ya sa hular kwano, kuma ya kasance tare da wanda ya kai 16. Ni dai kowa ya sa hular, har ku manyan. Idan kuma wani ya ba ka shawarar ku koma sukuta mai batir don sauƙi, ka sani a Jamus sai mai shekara 14 ke hawanta a hanya, ga inshora dole, saboda haka a can yaranka biyu duk ba su isa ba.

Hanyar ba taku ba ce ku kaɗai. A Yuli da Agusta tana cika da masu keke, da yawansu masu batir, suna zuwa da gudu ba ƙara. Mai sukuta yana cin faɗi fiye da yadda yake zato, domin ƙafarsa na fita gefe. Ku riƙe dama, kada yara su jera kafaɗa da kafaɗa, kuma kada kowa ya tsaya a tsakiyar hanya. Motocin hukumar kula da kogin ma suna bin ta, tunda hanyar aikinsu ce.

Ruwan kansa shi ne abin da na fi jin tsoro. A wurare da yawa babu shinge tsakanin kwalta da kogi, sai gangaren manyan duwatsu. Danube yana da sanyi da ƙarfi, kuma manyan jirage suna tayar da igiyar ruwa da ke dukan gaɓa bayan sun wuce. Kada yaro ya sauka kan duwatsun shi kaɗai, kada kuma a yi wanka kusa da madatsa ko mashigar jirage. Garuruwan hanya da yawa suna da wuraren ninkaya da aka tanada, can za a kai su. Ambaliya ma gaskiya ce: a Yunin 2013 ruwa ya kai mita 12.89 a Passau, irin wanda ba a gani ba tun 1501, kuma a Satumban 2024 an sake yin babba a yankin da ke kewaye da Viyana. Hanyar jan jirgi ita ce ta fara nutsewa. Idan ka ga an rufe ta an sa alamar kewaye, ka bi alamar, ko da kana ganin ruwan bai kai idon sawu ba. Sai kaska: Ostiriya tana cikin ƙasashen da kaska ke yaɗa cutar kumburin ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurar rigakafinta wadda ake yi fiye da sau ɗaya, don haka ka ga likita da wuri. Kowace yamma a duba jikin yara, bayan gwiwa, hammata da bayan kunne.

Kaya kuwa, ƙa'idar ita ce kada a goya nauyi a baya. Mai sukuta sama da ƙasa yake yi dubban lokuta a yini, duk abin da ke bayansa sai gwiwarsa ta ɗaga shi. A ɗaura kaya a kan sukuta, a gaba, ƙasa-ƙasa kusa da taya, ko a jakar da ke rataye a hannunta. Yara su ɗauki gorar ruwa da rigar ruwa kawai. Tanti da kayan girki na mutum huɗu sun yi wa sukuta biyu yawa, don haka ko ku kwana a masaukai, ko ku yi amfani da masu kai kaya daga masauki zuwa masauki, waɗanda suke da yawa a wannan hanya. Tunda zangonku gajere ne, wasu kwanakin a ƙananan ƙauyuka za su faɗa, inda ɗakuna ba su da yawa, sai ka kama tun da wuri. Ka tuna kuma kantuna a Ostiriya galibi a rufe suke ranar Lahadi, ku yi sayayya tun Asabar.

Na gyara ba su da yawa: famfon iska, kayan faci, ƙarfen cire taya, 'yan sifanu, robar birki. Abin lura shi ne kowace sukuta tayoyinta biyu girmansu daban, saboda haka iyalinka na iya bukatar tif kala huɗu ko biyar. Masu gyaran keke a hanya suna da na inci 26 da 28, amma na inci 16 da 18 ba kullum ake samu ba, ka taho da su daga gida. Ka duba iskar tayoyi kowace safiya, domin taya mai laushi tana cinye rabin gangarawar da ka sha wahalar samu. Takalmi ya zama mai tauri a ƙasa, wanda aka riga aka saba da shi. Wajen yatsu yake cinyewa, kuma a tafiyar mako biyu ƙasan takalmin yaro na iya hudewa, don haka ka sa masa na canji a cikin kayan da ake kai muku masauki.